Mutum a Cikin Kan Olmek

A warsharmu ta unguwar Mahjar a Jidda akwai doka guda da kowa yake haddacewa tun ranar da ya fara aiki. In ka ɓuya, to ka ɓuya. Ba tari, ba motsi, ba amsawa, ko muryar uwarka ka ji, sai an ƙwanƙwasa sau uku an kira sunanka. Yayana Rafi'u ne ya kafa dokar da bakinsa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan wani ya yi atishawa a cikin tanki ya jawo aka kwashe mutum huɗu.

Mu shida ne marasa iƙama, takardar izinin zama, a wurin. Dukkanmu da umara muka shigo muka ƙi komawa. Mai warshar shi ne Mu'allim Mazen, haifaffen Jidda, kakansa ne ya taso daga Katsina da ƙafa. Yana jin Hausa sarai, amma da ransa ya ɓaci sai ya juye Larabci. Aikinmu kayan adon titi ne, manyan butocin gahawa da kifaye da tuluna, irin waɗanda ake kafawa a shataletale da lambunan bakin teku. Da faiba muke yin su a kan ƙarfe, mu watsa musu yashi da fenti su koma kamar dutse. Cikinsu kuwa fanko.

Duk ranar da 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka shigo layinmu, kowa ya san hanyarsa. Ni katangar baya nake haurawa. Yaya Rafi'u ba ya iya haurawa. Shekararsa hamsin da takwas, ga gwiwa, ga ciwon suga. Shi sai dai ya shige cikin duk abin da ya tarar a tsaye a tsakar warsha ya ja murfi. Ya taɓa yin awa biyu a cikin kifi, ya fito yana zaginmu wai mun manta da shi.

Farkon zafi Mazen ya zo mana da hoto a waya. Kan mutum ne zalla, ba wuya ba gangar jiki. Hanci shimfiɗaɗɗe, leɓe manya, fuska a ɗaure, ga wata hula kamar hular kwano.

Na ce, "Mu'allim, wannan kuma wane ne?"

Ya ce, "Olmek. Mutanen da ne a ƙasar Meziko. An kusa shekara dubu uku da sassaƙa shi, daga dutse guda. Kwafinsa ake so, mita uku."

Wani kamfani ne yake gyara lambu a bakin teku, za su jera kwafin tsofaffin abubuwan duniya mutane su zo su ɗauki hoto. Mu kan ya faɗo wa.

Ɗaya daga cikinmu ya karɓi wayar ya duba, ya dubi Yaya, ya ce, "Wallahi Baba Rafi'u ne ranar da aka hana shi suga a shayi."

Aka kwashe da dariya. Yaya ya ce, "Kai ka ji da taka fuskar, da take kamar an taka kwali." Sannan ya juya wurin Mazen ya ce shi wannan gunki ne, hannunsa ba zai taɓa fuskar ba. Mazen ya ce to ya yi aikin ciki. Haka aka yi. Mu muna waje muna gyara hanci da ido, shi yana ciki yana ɗaure ƙarfe yana shimfiɗa ƙasan. Ta ƙeya muka bar ƙofa, ƙarama, daidai shigar mutum ɗaya, da murfinta da za a ɗaure a shafe in an gama komai.

Wata biyu muka yi a kansa. Ranar da za a ɗauke shi Alhamis ce, cikin Agusta. Wanda ya san Jidda a Agusta ya sani, wanda bai sani ba ba zan iya gaya masa ba.

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci muka ji mai shayin bakin layi ya sauke ƙofar shagonsa da ƙarfi. Alamarmu ke nan. Na yar da abin da ke hannuna na haura katanga, na faɗa wani kango da ba a gama ba, na kwanta a bayan bulo. A nan na zauna ina shan gumi har sha ɗaya da rabi, sannan saƙon Mazen ya shigo: halas, ku dawo.

Muka dawo ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga mu, biyar. Na je tulun da ke gefen ƙofa na ƙwanƙwasa sau uku na ce Yaya Rafi'u. Shiru. Na buɗe, ba kowa. Na duba butar gahawa, ba kowa. Wayarsa tana jikin caji a kan benci, rigarsa a rataye, ƙwayoyin sugansa a aljihu. Sai a lokacin na lura da tsakar warsha. Katakan da kan yake zaune a kansu suna nan, kan babu.

Na shiga ofishin Mazen ban yi sallama ba.

"Ina kan?"

"An kai shi. Majid direba ya kai shi tun tara da rabi."

"Wa ya rufe ƙeyar?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ni."

"Ka leƙa ciki?"

Na ga fuskarsa tana sauyawa a hankali. Ya ajiye biron hannunsa.

"Ya Zaharadden, saurara. 'Yan jawazat su uku suna zaune a nan suna duba takardu. Babbansu ya ce, ku biyu kuka yi wannan ƙaton, kai da direbanka? Na ce mu biyu. Ya ce to ci gaba da aikinka mu gani. Me zan yi? Murfin yana wurinsa, na zaci kai ka ɗora. Na ɗaure kusoshi, na shafe da ma'ajun. Motar ɗaukar kaya ta zo suna nan zaune, aka ɗora."

"Ba ka ƙwanƙwasa ba."

"A gabansu? In ƙwanƙwasa in kira sunan wa? Wallahil azim na zaci tulu ya shiga."

"Kuma bai yi magana ba."

"Ko numfashi ban ji ba."

Na san bai ji ba. Yaya yana jin kusa tana shiga a bayan kunnensa, yana jin muryar jami'ai, ba zai ce uffan ba. Ana ɗaga shi sama ma ba zai ce ba. Yana can yana jiran in zo in ƙwanƙwasa.

Na ce, "Tashi mu tafi."

Ya ce, "Isbir, isbir. Tsaya. Bayan la'asar za a buɗe lambun, manyan mutane za su zo, 'yan sanda sun cika wurin tun safe. In na je na ce akwai mutum a ciki, mutumin wa? An rufe warshar nan yau, ni ina gidan yari, ku duka kuna tarhil, kuna jiran a mayar da ku ƙasarku. A bari a watse, mu je mu buɗe a hankali. Akwai huji biyu a ƙarƙashin kunne, iska tana shiga."

"Hujin da ɗan yatsa ba ya shiga?"

"Yana shiga."

"Mu'allim, ka taɓa zama a cikin faiba da azahar? Ni na zauna. Minti ashirin na yi na fito ina amai. Shi awa uku da rabi ke nan, ba ruwa, bai karya ba, ga warin gam. In ka bari a watse, gawa za ka buɗe."

Ya fara zuba Larabci, yana dafe kai, yana cewa 'ya'yansa, yana cewa shekara ashirin yana rufa mana asiri. Gaskiya ne, ya rufa. Ban tsaya jin sauran ba. Na fita na ɗauki saruk, injin yankan nan mai batir, na duba batirin, na haɗa da ƙarfen ɓamɓare kusa da gorar ruwa biyu.

Majid yana tsaye a jikin motarsa yana shan taba. Shi ne direban warsha, haifaffen Ammariyya, yana da takardunsa, ba ya shiga abin da ba ruwansa. Ya ji komai ta taga.

Na ce, "Za ka kai ni ko in tari motar haya?"

Ya dubi saruk ɗin, ya dubi ofis. Mazen yana bakin ƙofa bai ce je ba, bai ce kada ka je ba. Majid ya yar da tabar ya taka.

"Yalla, shiga. Amma a bakin lambu zan sauke ka. Ban san ka ba."

"Na ji."

Daga Mahjar zuwa can tafiya ce, ga cunkoson azahar. Shekara goma sha huɗu ina Jidda ban taɓa zama a gaban mota a babban titi da rana tsaka ba. Duk motar 'yan sandan da muka wuce sai in sunkuyar da kai. Majid yana tuƙi yana magana shi kaɗai.

"Na taka burki a wajen gada, na ji abu ya buga a ciki. Na ce ƙarfe ne ya saki. Astagfirullah. Na ce ƙarfe ne."

"Ya aka kafa shi?"

"A kan dakalin siminti. An jingina ƙeyar da bango."

"Da bango?"

"Bangon da aka rubuta bayaninsa. Ko hannu ba ya shiga tsakaninsu."

Ke nan ƙofar ƙeya ta mutu. Sai dai ta gaba, ta fuska, inda kowa yake kallo.

Na ciro waya na kira matata Bara'atu. Tana ɗakinmu a Waziriyya da yara uku, duk a nan aka haife su, ba wanda yake da takarda ko ta haihuwa.

"Ki kwashi yara ki tafi wurin ƙawarki Latifatu yanzu. Kada ki koma ɗaki sai na kira."

"Lafiya? An kama wani ne?"

"Ba a kama ba tukuna."

"Malam, me ke nan ba a kama ba tukuna? Kana ina?"

"Yaya ne. In ban kira ba zuwa magariba, ki tambayi Majid."

Tana kiran sunana na kashe. In na tsaya jin muryarta zan ce Majid ya juya.

Ya sauke ni a bakin lambun ƙarfe ɗaya saura. Na sa rigar aiki mai ɗorawa ta warsha, na saɓa saruk a kafaɗa, na shiga kamar an aiko ni. Mai gadi ya dube ni ya kau da kai. Baƙin mutum da kayan aiki a kafaɗa ba wanda yake tambayarsa.

Daga nesa na hango shi. Yana zaune a tsakiyar fili, ba inuwa ko ta tsinke, rana ta daki hular tana sheƙi. An ja jan igiya a gabansa, ma'aikata suna jera kujeru a ƙarƙashin rumfa, motar 'yan sanda tana gefe da mutum biyu a ciki. Na tsallake igiyar na ɗora hannu a kuncinsa. Sai da na janye. Kamar tukunya.

Na ƙwanƙwasa sau uku. "Yaya Rafi'u."

Shiru.

Na sake. "Yaya Rafi'u, ni ne Zaharadden. Sun tafi."

Na manna kunnena a jiki, yana ƙona ni, ban ɗaga ba. Ba komai sai ƙarar teku da janareta. Na zaga wajen kunnen hagu na sa baki a hujin na kwarara masa kira. Warin gam ne ya fito ya buge ni, da zafi kamar daga tanda. Can na ji wani abu. Ba magana ba, ba bugu ba. Kamar farce a jikin ƙarfe, sau ɗaya.

"Ya akhi! Me kake yi a nan?"

Wata matashiya ce, da baƙar abaya da kati a wuya, da waya biyu a hannu. Ita ke ba ma'aikata umarni. Na ga sunan a jikin katin, Tahani. Larabcina na aiki ne, ya ishe ni neman kusa da fenti, amma a lokacin ya gudu gaba ɗaya. Da Hausa na ce, "Akwai mutum a ciki."

Ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi kan. Sai ta ce a hankali, harshenta yana karyewa, "Mutum? Ciki?"

"Kina jin Hausa?"

"Kaɗan. Kakata. Wane mutum?"

"Yayana. Tun ƙarfe takwas."

"La hawla. Ya ya shiga?"

"Hajiya, ba lokacin wannan ba ne. Zan yanka."

"La, la, tsaya. Ina kira is'af, ina kira masu ceto, su zo su buɗe." Har ta fara danna waya. "Minti goma sha biyar. Kai ka tafi. Kana da iƙama?"

Na kau da kai, ta gane.

"To ka tafi. Ni zan ce na ji motsi. Tafi, ba wanda ya gan ka."

Wallahi na yi tunani. Ƙofar lambun tana nan a buɗe, taku ɗari. Na ga Bara'atu tana jan yara a layin Waziriyya da ledar kaya. Na sake manna kunne a jikin kan. Wannan karon ko farcen babu.

Masu ceto za su zo, na yarda. Za su tsaya su duba, su tambayi wa ya yi shi, su nemi inda ƙofa take, su ce a kawo abin ɗagawa a janye shi daga bango. In sun ce za su yanka, ba su san inda ƙarfe yake ba. Ni na sani. Kuncin hagu, daga ƙarƙashin ido zuwa gefen baki, akwai fili mai faɗin kafaɗa da ba ƙarfe a bayansa, don Yaya ya yi ta mita a kansa wai zai lotsa.

Na ce, "Kira su. Ni ina yankawa."

Na kunna saruk.

Wanda bai taɓa jin saruk a kan faiba ba bai san ƙara ba. Duk filin ya juyo. Farar ƙura ta turnuƙe ni, tana shiga ido tana shiga hanci. Ban tura wuƙar da zurfi ba, tsoro nake kada yana jingine a wurin. Na ja layi ɗaya daga ƙasan ido, na sauko. Na ji ana buɗe ƙofar mota, na ji takalma suna gudu.

"Waggif! Waggif ya walad!"

Ban waiwaya ba. Na ja layi na biyu. Tahani ta shiga tsakanina da su ta buɗe hannuwa tana ihu da Larabci, akwai ɗan Adam a ciki, akwai ɗan Adam a ciki. Ɗaya ya zagaye ta ya damƙi wuyan rigata ya fizga. Saruk ya zame ya shiga da zurfi, na ji ya taɓa wani abu mai laushi. Na ce innalillahi. Na kashe injin na yar, na ɗauki ƙarfen ɓamɓare na soka a tsagar.

Na ce da ɗan sandan, "Ja! Ja mana!" Da Hausa na ce masa, ban san me ya ji ba. Ya dube ni, ya dubi tsagar da zafi ke fitowa, ya saki rigata ya kama ƙarfen. Muka ja tare. Kuncin ya ɓalle ya faɗo ƙasa.

Yaya yana kwance a naɗe, fuskarsa a manne da hujin kunne. Singiletinsa ta bushe ƙaƙas, gumin ma ya daina fita. Kafaɗarsa tana jini inda wuƙar ta same shi. Na shiga har ƙugu na kamo shi ta hammata, ɗan sandan ya kama ƙafa, muka fito da shi muka kai rumfa. Jikinsa ya fi kan zafi. Na juye masa gorar ruwa a kai da ƙirji, Tahani ta sa aka kawo ƙanƙarar da aka tanadar wa baƙi, muka cusa masa a hammata da wuya.

"Yaya. Yaya Rafi'u. Buɗe ido mana. Kai, buɗe ido!"

Na mare shi. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa hannu ba. Na sake marinsa. Leɓensa ya motsa. Na kai kunne. Ya buɗe ido kaɗan, ya ga kakin ɗan sanda a kansa, sai ya runtse ya ƙame, ya ɗauke numfashi.

Na ce, "Yi numfashinka, Yaya. An riga an kama mu."

Motar is'af, ta ɗaukar marasa lafiya, ta iso suka ɗora shi. Na ce zan bi, aka ce a'a. Ɗan sandan da muka ja ƙarfe tare shi ya tambaye ni iƙama. Na ce babu. Ya ce fasfo. Na ce ya mutu tun shekara tara. Ya ce a ina nake aiki, wa ya yi kan. Na ce ban sani ba. Ya dubi sunan warsha a jikin rigata, ya girgiza kai, ya buɗe min bayan mota. Bai sa min ankwa ba. Ya miƙo min ruwa.

A gidan tarhil aka karɓe wayata. Ɗaki ɗaya mu fiye da ɗari, 'yan Habasha da 'yan Yaman da namu. Duk wanda aka shigo da shi daga Mahjar sai in tare shi in tambaya. Wani ya ce ya ji an rufe warshar. Wani ya ce ya ji tsohon ya rasu a hanya. Wani ya ce ƙarya ne, ƙoda ce ta tsaya ana masa wanki. Na daina cin abinci ban sani ba. Na roƙi mai gadi har ya gaji da ni ya daina zuwa ɓangarenmu.

Kwana goma sha tara. A rana ta ashirin da hantsi aka buɗe ƙofa aka turo keken marasa lafiya. Da farko ban gane shi ba, ya koma rabinsa, kafaɗa a naɗe da bandeji. Ya bi ɗakin da kallo har ya same ni.

Ya ce, "Kai, wa ya koya maka riƙe saruk? Ɗinki goma sha ɗaya."

Na durƙusa na kama ƙafar keken.

"Tashi, mutane na kallo. Likita ya ce ƙodar ɗaya ta tafi, ɗayar tana ja. Ya ce in sha ruwa da yawa." Ya dubi famfon da ke can ƙarshen ɗaki da layin mutanen da ke jiransa. "Ranar Talata za a sa mu a jirgi, ni da kai. Bara'atu ta zo asibiti. Ta ce in gaya maka ba za ta zauna ba, za ta kai kanta da yaran ta miƙa a haɗa mu."

"Mu koma mu ci me, Yaya?"

"Oho. Tura ni can, ƙishirwa nake ji."

Na kama keken na tura shi muka shiga layi.